Muhawara: "Hello Garci", ba'ar maguɗin zaɓe da halin 'yan jarida a ƙasar Filifin

Baban Ummi:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Kama tsohon shugaban ƙasar Filifin, Rodrigo Duterte, da aka yi a Manila ranar 11 ga Maris 2025, aka wuce da shi kotun manyan laifuka ta duniya da ke Hague, ya tuno mini da wani abu da na gani a shekarar 2005, lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Jidda, inda yawancin ma'aikatan jinya 'yan Filifin ne. Muna cin abincin rana sai wayar ɗaya daga cikinsu ta yi ƙara, amma maimakon kiɗan da muka saba ji, sai ga muryar wata mata tana ta maimaita "Hello, Garci", an haɗa ta da kiɗan rawa. 'Yan ƙasar suka fashe da dariya har da ƙwalla, mu kuwa muka yi sororo.

Da na tambaya sai aka ce mini ai muryar shugabar ƙasarsu ce, Gloria Macapagal Arroyo, Garci kuwa laƙabin Virgilio Garcillano ne, kwamishina a hukumar zaɓen ƙasar, wato Comelec. An naɗi hirarsu ta waya a asirce lokacin da ake tattara sakamakon zaɓen Mayu 2004, kuma a cikin faifan an ji tana tambaya ko ratar da za ta bai wa abokin takararta za ta haura miliyan ɗaya. Da aka bayyana sakamako, ta kayar da Fernando Poe Jr., shahararren ɗan fim, da ƙuri'u kimanin miliyan 1.1. Abin da ya tsaya mini a rai tun daga ranar shi ne, mutanen da aka yi wa wannan aika-aika su ne suke dariya. Ina so masana su warware mini: irin wannan ba'a makami ce a hannun talaka, ko kuwa ita ce ke sa ya huce ya koma ya kwanta?

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Kafin a yi maganar dariya, ya kamata a san dalilin da ya sa muryar ta koma kiɗan waya. Ranar 6 ga Yuni 2005 kakakin fadar shugabar ƙasa, Ignacio Bunye, shi da kansa ya fito wa 'yan jarida da faifai biyu, yana cewa ɗaya na asali ne, ɗayan kuma 'yan adawa ne suka yi masa kwaskwarima. Bayan 'yan kwanaki ministan shari'a, Raul Gonzalez, ya yi gargaɗin cewa duk wanda ya mallaki faifan ko ya watsa shi zai iya fuskantar tuhuma a ƙarƙashin dokar hana sauraron wayar mutane a ɓoye, sannan hukumar kula da sadarwa ta ja kunnen gidajen rediyo da talabijin cewa lasisinsu na cikin haɗari. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Manyan tashoshi suka ja da baya, sai cibiyar 'yan jarida masu binciken ƙwaƙwaf ta ƙasar, PCIJ, ta ɗora faifan a shafinta na intanet, matasa kuma suka gutsuro farkonsa suka mayar da shi kiɗan shigowar kira, yana yawo daga waya zuwa waya. Gwamnati na iya rufe tasha ɗaya, amma ba ta da gidan yarin da zai ɗauki duk mai wayar salula.

To, amma a duba ƙarshen lamarin. Ranar 27 ga Yuni Arroyo ta fito a talabijin ta amsa cewa ta kira wani jami'in hukumar zaɓe, ba ta ambaci sunansa ba, ta ce kuskuren tunani ne, ta nemi afuwa. Ranar 8 ga Yuli manyan jami'anta 10 suka ajiye aiki, tsohuwar shugaba Corazon Aquino ta ce ta sauka. A watan Satumba majalisar wakilai ta yi watsi da buƙatar tsige ta, ta kuma ci gaba da mulki har ƙarshen Yuni 2010. Ni dai a ganina dariyar ba ta ɗaga ta daga kujera ko da taku ɗaya ba.

Malama Mai Alli:
Ranka ya daɗe Edita, ka kawo tarihi daidai, amma ma'aunin da ka ɗauka ya yi tsauri. Idan sai ba'a ta tumɓuke shugaba za a ce ta yi aiki, to babu zambon da ya taɓa yin aiki a ƙasar Hausa, alhali kowa ya san sarakuna da 'ya'yan sarki sun fi tsoron bakin mawaƙi fiye da takobin abokin gaba. Zambo kwarjini yake zubarwa, kuma mai mulkin da kwarjininsa ya zube, ko yana kan gado, dole ya riƙa sayen biyayya da tsada.

'Yan Filifin sun daɗe da wannan sana'a. Tun zaɓen 1949, wanda Elpidio Quirino ya lashe, ake cewa a lardin Lanao har tsuntsaye da ƙudan zuma da matattu sun kaɗa ƙuri'a. Suna kuma da wata magana da ake maimaitawa duk lokacin zaɓe, cewa a ƙasarsu babu ɗan takarar da ke faɗuwa, 'yan takara iri biyu ne kawai: wanda ya ci da wanda aka yi wa maguɗi. Hatta aringizon ƙuri'u sun raɗa masa suna a harshensu, dagdag-bawas, wato ƙari da ragi, domin a wurin tattara sakamako ake rage wa wannan a ƙara wa wancan, jimillar ƙuri'u kuwa ba ta sauya ba, ballantana a gane. Al'ummar da ta sanya wa dabarar ɓarawo suna har yara suka haddace, ba za a ce barci take yi ba.

Kuma a tuna da Janairu 2001. An daɗe ana yaɗa barkwanci a kan shugaba Joseph Estrada ta saƙon tes, kuma da 'yan majalisar dattawa 11 suka rinjayi 10 suka hana a buɗe wata ambulan ta shaida a shari'ar tsige shi, ta waɗannan wayoyin aka kira jama'a zuwa titin EDSA, cikin kwana huɗu ya bar fadar Malacañang.

Tsohon Edita:
Malama, misalin Estrada nawa ne, ba naki ba, ki yi haƙuri. Barkwancin da ake yi a kansa, na cewa ba ya jin Turanci kuma ba shi da zurfin karatu, taimakonsa ya yi, har mutanensa suka tattara shi a littafi kafin ya tsaya takarar shugaban ƙasa, talakawa suka ce ai namu ne da 'yan boko ke rainawa, suka zaɓe shi da gagarumin rinjaye a 1998. Abin da ya karya shi aikin gumi ne. 'Yan jaridar PCIJ sun shafe watanni suna bin takardun rajistar kamfanoni da na filaye a shekarar 2000, har suka nuna manyan gidajen da aka gina wa matansa, sannan gwamnan Ilocos Sur, Chavit Singson, ya fito ya ce shi yake kai masa kuɗin cacar nan da ake kira jueteng, daga ƙarshe kuma sojoji suka janye goyon baya. Haka ma a 1986. Ba ba'a ce ta tona asirin shugaban ƙasar na lokacin, Ferdinand Marcos, ba, ma'aikatan kwamfuta ne kimanin 35 na hukumar zaɓe suka tashi suka fice daga zauren tattara sakamako ranar 9 ga Fabrairu, suna cewa alƙaluman da ake rubutawa a allo ba su ne suke gani a na'urorinsu ba, sai kuma Rediyo Veritas da ta watsa kiran da Kadinal Jaime Sin, babban limamin Katolika na Manila, ya yi wa jama'a su fito kan titi. Kowace dariya da kika lissafa, akwai wanda ya fara sa wuyansa kafin a samu abin yi wa dariyar.

Ɗalibin Shari'a:
Iyayena, ku ba ni dama in sa baki ta fuskar doka. Dokar da ministan shari'a ya dogara da ita ta 1965 ce, kuma gaskiya ne ta haramta naɗar hirar mutane a ɓoye da kuma watsa ta, saboda haka ba za a ce babu hujja ko kaɗan a hannunsa ba. Matsalar ita ce an bar jaki ana dukan taiki, ana farautar mai faifai an ƙyale abin da ke cikin faifan. Kotun Ƙoli ta gane haka, domin a Fabrairu 2008, a ƙarar da tsohon babban lauyan gwamnati Francisco Chavez ya shigar, ta yanke cewa gargaɗin ministan da na hukumar sadarwa toshe baki ne tun kafin a yi magana, kuma ya saɓa wa tsarin mulki.

Haka kuma da Arroyo ta ayyana dokar ta-ɓaci ranar 24 ga Fabrairu 2006, tana cewa an gano shirin juyin mulki, 'yan sanda suka kutsa ofishin jaridar Daily Tribune cikin dare suka kwashe takardu, aka kama malamin jami'a kuma marubuci Randy David a wurin zanga-zanga. A watan Mayu na shekarar Kotun Ƙoli ta ce samamen da kamen duk haramtattu ne. Ina ganin wannan abin yabo ne ga kotunan ƙasar.

Tsohon Edita:
Ɗana, hukuncin 2008 ya yi kyau a takarda, amma ka ƙirga watannin. Kusan shekara uku tsakanin gargaɗi da hukunci, a lokacin an riga an binne batun tsigewa, an yi wani zaɓen a 2007. Labari kamar tuwo yake, da zafinsa ake ci. Kada kuma ka manta cewa a daidai wannan tsakanin mijin shugabar, Jose Miguel Arroyo, ya maka 'yan jarida fiye da 40 a kotu kan ɓata suna, a ƙasar da ɓata suna laifi ne da ke kai mutum kurkuku, bai janye ƙararrakin ba sai a 2007 bayan an yi masa aikin zuciya. Editan da ke zaryar kotu da neman beli ba ya samun sukunin aika wakili ya binciki komai.

Maman Sadiq:
Ni tambaya ce da ni, Baba Edita. Na taɓa jin an kashe 'yan jarida da yawa rana ɗaya a yankin Musulmi na ƙasar. Shin yana da alaƙa da wannan maguɗin, ko kuwa rikicin 'yan tawaye ne?

Tsohon Edita:
'Yata, alaƙar ta kai a ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma babu ruwan 'yan tawaye a ciki. Lardin Maguindanao ne a tsibirin Mindanao, inda a lokacin gidan Ampatuan ke riƙe da kujerar gwamna da ta shugabannin garuruwa da dama. Lardin ya yi suna wajen ba da sakamakon da hankali ba ya ɗauka. A zaɓen 'yan majalisar dattawa na 2007, 'yan takarar gwamnati 12 ne suka cinye kujeru 12 a can, alhali a faɗin ƙasar 'yan adawa ne suka yi rinjaye, kuma nan take "12-0" ya zama abin barkwanci a Manila. Wani jami'in ilimi mai suna Musa Dimasidsing da ya fito ya faɗi abin da malaman makaranta suka gani a rumfunan zaɓe, harbe shi aka yi a watan Yuni na shekarar. Wanda ke kawo wa fada irin waɗannan ƙuri'u kuwa ba a tambayarsa yawan bindigogin da ya tara, ga shi kuma a 2006 gwamnati ta fitar da umarnin da ya bai wa shugabannin yankuna damar riƙe 'yan sa-kai a matsayin mataimakan 'yan sanda.

Ranar 23 ga Nuwamba 2009, Esmael Mangudadatu, mataimakin shugaban garin Buluan, ya so ya miƙa takardun tsayawa takarar gwamna a Shariff Aguak. Da yake an yi masa barazana, sai ya aika matarsa da 'yan'uwansa mata da lauyoyi, tare da ayarin 'yan jarida, bisa tunanin cewa babu mai taɓa mata, kuma babu mai aikata ta'asa a gaban kyamara. Aka tare su a hanya, aka kai su kan wani tudu aka harbe, aka yi amfani da motar haƙa ƙasa mallakar gwamnatin lardin aka binne wasu har da motocinsu. Mutum 58 suka mutu, 32 daga cikinsu 'yan jarida ne da ma'aikatan kafofin watsa labarai, har da matafiyan da tsautsayi ya sa motarsu ta biyo bayan ayarin. Sai ranar 19 ga Disamba 2019 kotu ta samu Andal Ampatuan Jr. da ɗan'uwansa Zaldy da wasu da laifin kisa, uban gidan kuwa ya riga ya mutu a tsare tun 2015. Yawancin waɗanda aka kashe ƙananan wakilai ne na jaridun gari, irin waɗanda albashinsu bai taka kara ya karya ba.

Malama Mai Alli:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A nan kam na sassauta, Edita, domin wanda ya yi dariyar "12-0" yana Manila, wanda ya je ganin yadda ake haɗa "12-0" yana kabari. Abin da ya fi ciwo, masu kisan da yawancin iyalin da aka kai wa harin duk Musulmi ne, kujera ce kawai ta shiga tsakani. Sai dai har yanzu ina nan kan cewa jama'ar da ta daina yi wa maguɗi ba'a ta fi kusa da karɓarsa a matsayin ƙaddara.

Alhaji Na Kanti:
Ni ina da ja a kan yadda ake wanke 'yan jarida tas a wannan zaure. A zamanin mulkin Duterte, wanda ya hau a 2016, an yi ta kururuwa cewa ya rufe tashar talabijin da rediyo ta ABS-CBN, amma tashar ta gidan Lopez ce, attajirai masu hannu a wutar lantarki da siyasa, kuma ƙorafinsa shi ne sun karɓi kuɗin tallarsa a lokacin yaƙin neman zaɓe ba su sa wasu daga ciki ba. Lasisinsu ne ya ƙare, majalisa ta ƙi sabuntawa. Kuma mutumin nan ya sauka a 2022 jama'arsa na son sa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ɗalibin Shari'a:
Alhaji, batun tallar gaskiya ne, har shugaban kamfanin ya nemi afuwa a gaban majalisar dattawa a farkon 2020. Amma a zaman da majalisa ta yi, hukumar haraji ta ce kamfanin ba shi da bashinta, duk da haka aka umarci tashar ta sauka daga iska ranar 5 ga Mayu 2020, ana tsakiyar annobar korona, sannan kwamitin majalisar wakilai ya ƙi ba ta lasisi da ƙuri'a 70 da 11 ranar 10 ga Yuli. Duterte kuwa tun kafin nan ya faɗa a bainar jama'a cewa zai tabbatar tashar ta fita. Dubban ma'aikata suka rasa abinci, mutanen lardunan da ke jin gargaɗin guguwa a harshensu ta tashoshinta na yanki suka rasa kafa. Rabon da a rufe ABS-CBN tun 1972, lokacin da Marcos ya kafa dokar soja.

Shari'ar 'yar jarida Maria Ressa ta kafar labarai ta Rappler ta fi ban mamaki. An wallafa labarin da ake ƙara a kansa a Mayu 2012, dokar laifukan intanet kuwa sai a Satumba 2012 aka sanya mata hannu, amma da yake an gyara kuskuren harafi a labarin a 2014, sai aka ɗauki gyaran a matsayin sabuwar wallafa, aka same ta da laifi tare da marubucin, Reynaldo Santos Jr., a Yuni 2020. Ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2021, kotuna sun wanke ta daga tuhumar haraji a 2023, ta kuma kai batun ɓata sunan gaban Kotun Ƙoli.

Tsohon Edita:
Alhaji, ban ce 'yan jaridar Filifin waliyyai ne ba, akwai masu karɓar ambulan a can kamar ko'ina, kuma su da kansu suna da sunayen da suke kiran wannan ɗabi'a. Amma maganin ɗan jarida mai cin hanci a tona shi ne. Duterte kuwa, tun kafin a rantsar da shi, ya ce kasancewar mutum ɗan jarida ba ta kuɓutar da shi daga kisa idan lalatacce ne, a ƙasar da ba a gama shari'ar gawa 32 ba.

A nan ne kuma nake so Malama ta lura da yadda dariyar ta sauya hannu. A 2005 talaka ne ke yi wa fada ba'a ta wayarsa. Daga 2016 shugaban ne babban ɗan kama, yana zagi jama'a na tafi, idan maganar ta yi muni kakakinsa ya ce ai wasa yake yi, ga kuma rundunar masu shafukan Facebook da ke kwana suna mayar da 'yan jarida abin dariya, suna kiransu karuwan alƙalami. Kayan aikin dai su ne na da, hannun da ya riƙe su ne daban. Ta irin waɗannan shafuka aka yi shekaru ana wanke zamanin Marcos, har ɗansa ya ci zaɓen 2022 da ƙuri'u fiye da miliyan 31, kuma watanni kaɗan da hawansa aka harbe mai sharhin rediyo Percy Lapid a Las Piñas, ranar 3 ga Oktoba, aka kuma tuhumi shugaban hukumar gidajen yari na lokacin da kitsa kisan.

Malama Mai Alli:
Ta sauya hannu, amma ba ta bar hannun farko ba. A ƙarshen 2024, da majalisa ke binciken kuɗaɗen sirri na ofishin mataimakiyar shugaban ƙasa, Sara Duterte, 'yar Rodrigo Duterte, ciki har da peso miliyan 125 da aka kashe cikin kwana 11 a Disamba 2022, sai aka ga rasit ɗauke da sunan wata "Mary Grace Piattos", wanda rabinsa sunan wani gidan cin abinci ne, rabinsa kuma sunan soyayyen dankalin leda. Hukumar ƙididdiga ta ce ba ta da rajistar mai wannan suna, 'yan majalisa suka sa tukwicin peso miliyan 1 ga wanda ya kawo ta, ƙasa ta ɗauka da dariya. Mutane nawa ne za su karanta rahoton mai binciken kuɗi? Amma sunan nan kowa ya riƙe shi, kuma a Fabrairu 2025 majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'ar tsige Sara Duterte.

Tsohon Edita:
Kuma a watan Yuli Kotun Ƙoli ta soke tsigewar bisa dalilin ƙa'ida. Ki kuma tambayi kanki ko da za a bari a buɗe rasit ɗin da a ce gidan Marcos da gidan Duterte ba su ɓata ba.

Baban Ummi:
Na gode, iyaye da 'yan'uwa, na ƙaru ƙwarai, ko da yake har yanzu zuciyata na tsakanin Edita da Malama. Bari in ƙara abu ɗaya da na tuna. Garcillano ya ɓace na wasu watanni a 2005, ya dawo ya musanta cewa an yi maguɗi, sannan a 2007 ya tsaya takarar majalisar wakilai a lardin Bukidnon, ya sha kaye. Washegarin da labarin ya iso Jidda, wannan abokin aikin nawa mai waya ya same ni a ɗakin gwaji yana murmushi, ya ce kada in ga laifin Garci, shi kaɗai ne ɗan takara a ƙasar da ba shi da Garcin da zai kira.